Wa Zai Zagaya da Amarya a Salaga?

A babban gidan gandu, irin wanda kaka da 'ya'ya da jikoki ke shiga ta zaure ɗaya, amarya ba ta zama 'yar gida ranar da aka kawo ta. Sai an yi buɗar kai, 'yan biki sun watse, sannan wata dattijuwa, gwaggon ango ko kishiyar uwarsa, ta leƙo ta ce, "Taso 'yar nan, mu je ki gai da mutane." Sunan abin gaisuwa, amma karatu ne. Sashe-sashe za a bi da ita. Nan wajen Baffa ne, a durƙushe ake gaishe shi. Wannan rijiyar ta sha ce, waccan ta wanki, ruwanta da zartsi. Tudun ƙasar can da kaji ke tono a kansa ɗakin Malam ne, wanda ya kafa gidan. Tun da ya rasu ba a sake kwana a ciki ba, aka bar shi ya zube da kansa, kuma har gobe ba a watsa ruwan wanke-wanke a wurin. Katangar da ta raba tsakar gida biyu kuwa ba da ita aka gina gidan ba, bayan rabon gado ta tashi. A nan dattijuwar kan sassauta murya, ta faɗi abin da ya wajaba a sani, ta haɗiye sauran sai wata rana.

Baƙo ba ya samun wannan. Nasa tabarma ce a zaure, da ruwan sanyi, da labari mai daɗi. Ba rowa aka yi masa ba. Shi gobe zai kama hanya, ita kuwa amarya ita za ta share tsakar gidan, ta yi daɓe, ta haifi waɗanda za su gāje shi.

A manyan biranen duniya zagayawa da mutane a nuna musu tsofaffin gine-gine ya zama sana'a, ya kuma zama fannin ilimi. A Landan, tun 1992, kowace shekara ana ware wasu kwanaki a watan Satumba a buɗe gine-ginen da a kullum ba a shiga, kowa ya shiga kyauta, masana zanen gini suna tsaye suna bayani. A Shikago jirgin ruwa ake hawa a bi kogin da ya ratsa birnin, mai bayani yana kiran dogayen benaye ɗaya bayan ɗaya da shekarunsu da sunayen waɗanda suka zana su. A Ghana ma akwai gwanaye: duk wanda ya shiga ganuwar Elmina, wadda 'yan Fotugal suka gina a 1482, ko ta Cape Coast, ya san yadda mai bayani ke kai mutane ɗakin da aka tsare bayi ya yi shiru, duhu da warin wurin su ƙarasa masa magana. Tun 1979 waɗannan ganuwoyi na bakin teku ke cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. A Kano akwai Gidan Makama da ƙofofin gari da marinar Ƙofar Mata. A duk wuraren nan yatsan mai bayani sama yake nunawa, kuma ginin da kansa yana ɗauke masa rabin aiki.

Salaga ba haka take ba. Wanda ya taso daga Tamale ya yi kilomita wajen 120 zuwa kudu maso gabas, sunan garin na yi masa amo a kunne, abin da zai tarar shi ne rufin kwano da bulon siminti, da shagunan cajin waya, da 'yan babur a bakin tasha. Da ƙyar zai ga ginin da zai rantse cewa ya ga zamanin ayari. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji mutanen da, to balle a garin da yawancin abin gani ya koma ƙasa.

Alhali nan ce kasuwar Gwanja. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, amma ƙarni na 19 ne lokacin da Salaga ta yi tashe. Sarakunan Asante, waɗanda goro ke fitowa daga kurminsu, ba su yarda fataken arewa su kutsa cikin ƙasarsu ba, sai suka sa Salaga ta zama mahaɗa: 'yan kudu su kawo goro a ka, 'yan arewa su jira su a nan. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan taso daga ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato, madugu na shugabanci, jagaba na gaba, su bi ta Jega, su haye Kwara, su ratsa Bargu zuwa Jugu da Sansanin Mango, su sauka Yendi, sannan Salaga. Tafiyar watanni ce. Jakuna na ɗauke da kanwa da turkudi da riguna da kayan fata da gabu, su komo da goro. Mosawa kuma su gangaro daga Wagadugu ta Bawku da Gambaga da shanu da tumaki da sawaye. Wangarawa, Barebari, Yarabawa, Nufawa, Dagombawa, kowa da masaukinsa.

To ina gidajen da suka sauki wannan taro? Da ƙasa da ciyawa aka yi su, a ƙasar da ruwan samanta ya fi na Kano yawa. Ginin ƙasa kuwa ba ya rayuwa sai da hannu a kansa. Shekara biyu ko uku babu yaɓe, babu sabon shuci a jinka, ya fara komawa inda ya fito. Hannayen nan kuma watsewa suka yi. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi suka ƙone ta, ƙarfin Asante a arewa ya karye, aka toshe hanyar goro, ciniki ya fara karkata zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. A 1892 rikicin sarautar Kpembe, mazaunin sarakunan Gwanja da ke gefen Salaga, ya ɓarke: Kabachewura Isifa, da taimakon mayaƙan Dagomba da Nanumba, ya kori Kpembewura Napo, aka wawashe Salaga, fatake da malamai suka tsere. Ba a daɗe ba Jamusawa suka zo suka ƙara cinna wa abin da ya rage wuta. Waɗanda suka gudu su ne suka cika Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, daga baya zuriyarsu ta bazu a zangunan Kumasi da Accra. Ita tsohuwar Kete-Krachin ma, wadda ta gāji malaman Salaga da kasuwarta, ruwan tafkin Volta ya shanye ta bayan an datse kogin a Akosombo a shekarun 1960. Wato garin ya yi hasarar gidajensa sau biyu, na gida da na gudun hijira.

Saboda haka mai zagayawa da mutane a Salaga ƙasa yake nunawa, kamar dattijuwar nan a gaban tudun Malam. Babban abin da zai nuna kuwa rijiyoyi ne. Garin ba ya bakin babban kogi, da rani kuma, lokacin da ayari ke sauka, mutane da dabbobi sukan ninka. Sai aka yi ta fasa marmara ana haƙa ramuka masu ƙaramin baki da faɗin ciki, waɗanda ke tara ruwan damina da wanda ke tsattsafowa daga ƙasa, har aka riƙa yi wa Salaga kirari da gari mai rijiya dubu. Matafiyan ƙarni na 19 sun rubuta cewa ruwa da itacen girki sayensu ake yi a garin. A ganina wannan shi ne babban ginin Salaga, kuma ba ƙaramin gini ba ne don kawai ƙasa ya nufa maimakon sama. Wanda ya iya karanta rijiyoyin zai gane inda unguwanni suka yi cunkoso, da inda ake ɗaure jakuna, da gidan da ya yi arzikin da zai mallaki ruwansa. Wani masanin tonon tarihi na Jami'ar Ghana, J. Ako Okoro, ya yi bincike mai zurfi a kansu. Abin tambaya shi ne nawa daga cikin yaran da ke tsallake bakin rijiyoyin nan kullum a hanyar makaranta aka taɓa tsayar da su aka yi musu wannan bayani.

Rijiya kuma ba ta haƙa kanta. Wa ya fasa marmarar? Wa ya ɗauko tulunan zuwa kasuwa? A nan zagayen ke isa ɗakin da kowane babban gida ke da irinsa, wanda ba a son a daɗe a ƙofarsa. Salaga kasuwar bayi ce, kuma babba. Gwanja da Dagbon, masarautar Dagombawa, sun daɗe suna biyan Asante gandu da mutane. A ƙarshen ƙarnin kuma mayaƙan Zabarmawa, ƙarƙashin Alfa Gazari da Babatu, suka yi ta kai hari ƙasar Gurunshi suna koro kamammu zuwa kasuwanni irin wannan. Wani fasto ɗan Akropong, Theophil Opoku, ya ziyarci garin a 1877 ya rubuta abin da ya gani na mutane a ɗaure a rana ana tayawa. Har yau ana nuna filin kasuwar, da wurin kukar da ake ɗaure su, da Wankan Bayi, inda ake wanke su a shafa musu man kaɗe kafin a kai su gaban masu saye. Sunan wurin da harshenmu yake, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana mai karatu Bahaushe ɗora laifin duka a kan wasu. Cikin masu saye da masu dillanci akwai namu. Fatake da yawa da bayi suka ƙara yawan masu ɗaukar kayansu, wasu kuma suka mai da su yaran gida. Dattijuwar da ta tsallake wannan ɗaki ta cuci amarya, don za ta ji labarin a bakin rijiya daga wanda ba ya ƙaunar gidan.

Wannan ɗaki dai yanzu ba a tsallake shi. Tun da Ghana ta yi shelar 2019 a matsayin shekarar komowar jikokin bayi daga Amurka da tsibiran Karebiyan, baƙi suka ƙaru, hukumar yawon buɗe ido ta gyara filin kasuwar da wasu rijiyoyin, aka kewaye, aka kafa alamu. Abin a yaba ne. Damuwata ita ce zagayen ya zama na zaure, an auna shi daidai kunnen baƙo. Baƙon da ya ƙetaro teku yana neman inda kakanninsa suka bi, kuma gaskiya ne cewa a ƙarni na 18 an gangara da kamammun arewa da yawa ta hannun Asante zuwa jiragen Turawa. Amma a shekarun da muka fi samun labarinsu a rubuce, wato bayan 1870, cinikin teku ya riga ya mutu. Yawancin waɗanda aka sayar a Salaga a lokacin ba su ga teku ba. Gonakin Asante da garuruwan bakin Volta da gidajen attajirai suka tafi, jikokinsu kuma 'yan Ghana ne a yau, wasu ma a cikin garin suke, maƙwabtan jikokin waɗanda suka saye su. Wannan ya fi wuyar faɗa, don ba a gama shi da hawaye da ɗaukar hoto. Irin maganar da ake yi wa mai zama ce, ba mai wucewa ba.

Sannan gidan yana da sauran sassa. Salaga gari biyu ne a haɗe: sarakunan Gwanja suna Kpembe, tafiyar ƙafa kaɗan, baƙi da kasuwa suna Salaga. Wannan tsari na raba gidan sarauta da garin fatake shi ne uban zangunan da muka sani a Ghana yau, kuma darasi ne a fannin tsara birni wanda ba ya bukatar bango ko ɗaya a tsaye. Akwai gidan maigida, wato mai saukar fatake: shi ne masauki, shi ne dillali, shi ne mai lamuni, shi ne tafinta. Gidansa dole ya kasance da zauren ciniki, da ɗakunan baƙi a waje da na iyali, da wuri mai sanyi na ajiye goro, da turken dabbobi, da ruwa. Ko da katangun sun zube, tsohon da ya tashi a irin wannan gida zai iya zana maka shi a ƙasa da sanda. Akwai kuma sunayen unguwanni, irin su Unguwar Malam da Lampor, waɗanda suka fi gine-ginensu tsawon rai.

Ga kuma sashen malamai. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya zauna a Salaga daidai lokacin da ta watse, ya kuma rubuta labarin yaƙin da na zuwan Turawa, da Larabci da Hausa. A nan ya san Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda mutanen gari ke kira Malam Musa. Bafaranshe Binger ya sauka a garin a 1888, littafin tafiyarsa ya fito a 1892 da bayanin garin. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon ta tattara ɗimbin rubuce-rubucen malaman arewa, Marion Johnson kuma ta harhaɗa bayanan matafiya a kan Salaga wuri guda. J. A. Braimah, ɗan sarautar Gwanja, da Jack Goody sun fitar da littafi a kan rikicin 1892 a 1967. Kayan lacca ke nan jibge, sai dai suna Legon da ɗakunan karatu na Turai. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Yendi ita ce wurin katangar rabon gado. A 1888 Ingila da Jamus suka amince su bar yankin Salaga da Yendi ba na kowa ba. Yarjejeniyar ba ta hana komai ba. A Disamba 1896 sojojin Jamus suka gwabza da mayaƙan Dagbon a Adibo, bindigar zamani ta rinjayi ta gargajiya, suka shiga Yendi suka sa wuta. A 1899 aka zauna a Turai aka ja layi: Salaga da yammacin Dagbon na Ingila, Yendi da Ya-Na, sarkin Dagbon, na Jamus. Masarauta ɗaya, sarki a wani sashe, rabin talakawansa a wani. Sai da yaƙin 1914 ya kori Jamusawa katangar ta fara zubewa, ƙuri'ar 1956 kuma ta shigar da yankin cikin ƙasar da ta zama Ghana. Abin da ya rage na wannan zamani a ido kaɗan ne: maƙabartar Jamusawa, da kabarin Babatu, wanda bayan Faransawa sun karya shi ya fake a Yendi har ya rasu a 1907. Labarin yaƙe-yaƙensa ma da Hausa wani Malam Abu ya rubuta shi.

Amma Yendi ta fi Salaga sa'a ta wata fuska: tana da nata masu lacca tun kafin a san kalmar. Su ne makaɗan Dagbon, lunsi, masu ganga irin kalangu, waɗanda Namo-Naa ke shugabanta. Gādo ne, tun suna yara ake ɗora su a kan haddar sunayen sarakuna da 'ya'yansu da garuruwan da kowanne ya ci. Da ƙaramar salla da babbar salla sukan zauna a ƙofar fada bayan isha'i su ja tarihi har asuba: yadda aka baro tsohuwar Yendi da ke yamma saboda matsin Gwanjawa, yadda Naa Zangina ya karɓi Musulunci ya jawo malamai, ciki har da Hausawa, wajen shekarar 1700. Kufan tsohon birnin, Yendi Dabari, masu tonon tarihi Peter Shinnie da Paul Ozanne sun haƙa shi a farkon shekarun 1960, amma makaɗa ba su taɓa mance inda yake ba. Kuma sun san ladabin dattijuwa sarai. Akwai sassan tarihin da ba sa taɓawa sai an yi yanka, akwai waɗanda ake bi ta gefensu da karin magana. Duk wanda zai tsara zagayen Yendi ya bar waɗannan mutane a gefe, ya ɗauko saurayi da takarda a hannu, ya yi aikin banza.

Ginin Dagomba kuwa Bahaushe ba zai yi baƙunta a cikinsa ba. Ɗakuna ne zagayayyu masu jinka, katanga ta haɗa su, ana shiga ta babban ɗaki mai ƙofa biyu da suke kira zong, wanda aikinsa aikin zaure ne: nan ake fadanci, nan ake shari'a, a gidan sarauta har doki ake ɗaurewa a ciki. Kowace mata da ɗakinta. Sarki a kan fatu yake zama, ba kujera ba. Fadar Gbewaa, wato fadar Ya-Na, ba ta yi fice da tsawo ba. Darajarta tana ga wa ke shiga ta wace ƙofa, wa ke zama a ina, wane ɗaki ne ba a shiga. Irin wannan gini in babu mai bayani, ɗakunan ƙasa ne kawai.

A nan ma akwai inda ake sassauta murya. A watan Maris na 2002 aka kai wa fadar hari a rikicin gidajen sarauta na Abudu da Andani, aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu da mutane da dama, wuta da harsashi suka lalata ginin. Shekara 17 ana jan zare, Asantehene da Nayiri da Yagbonwura, wato sarakunan Asante da Mamprusi da Gwanja, suna shiga tsakani, kafin a naɗa Ya-Na Abukari na biyu a Janairun 2019. A 2023 aka aza harsashin sabuwar fada ta zamani. Ban ga laifin masarautar da ke son gini mai ƙarko bayan abin da ta gani ba. Fatana dai a auna tsohon tsarin, a zana shi, a naɗi bayanin dattawan fada a kan kowane ɗaki, domin siminti yana riƙe siffa amma ba ya riƙe dalili.

Bawku ita ce mafi wuya. Gari ne na kan iyaka, Burkina Faso a arewa, Togo a gabas, kasuwarsa na ci duk bayan kwana uku, albasarsa ta yi suna har Kumasi. Kusa da shi, a Pusiga, akwai wurin da ake dangantawa da Naa Gbewaa, kakan sarakunan Mamprusi da Dagomba da Nanumba, wanda ta wajen 'yarsa kuma Mosawa ke jingina da shi. Labarin baka ya ce kakansa, Jan Maharbi, ta ƙasar Zamfara ya biyo. A Kulungugu, nan kusa, aka jefa wa Kwame Nkrumah bam a watan Agustan 1962. Abin nunawa bai yi kaɗan ba. Sai dai tun ƙarshen shekarun 1950 Kusasi da Mamprusi ke jayayya a kan sarautar garin, an yi asarar rayuka, an sha dokar hana fita, har hawa babur an taɓa hanawa. A irin wannan gida tambayar "wa ya fara zama a nan?" ba tambayar ɗalibi ba ce, kuma mai bayanin da ya amsa ta da gaggawa ya zaɓi ɓangare ko bai sani ba. Dattijuwar kirki ba ta shigar da amarya rigimar da ba a gama ba; takan nuna mata yadda ake zama a gidan tukuna.

Abin da za a iya nunawa a ƙasar Bawku ba tare da an taɓa gyambon kowa ba shi ne aikin ginin kansa, kuma shi ne ya fi saurin ɓacewa. A ƙauyukan yankin maza ke ɗora bango, ba da tubali ba, da curin ƙasa sahu-sahu, a bar kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Mata ke yaɓe da daɓe. Su suka san wace ƙasa ke riƙe ruwa, su ke dafa ɓawon ɗorawa su yayyafa ruwansa a bango da daɓe ya yi ja ya yi ƙarfi, abin da maginan Kano da Zariya suka sani da makuba. Dabbobi da rumbuna a farfajiyar shiga, ɗakunan mutane daga ciki. In ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki, in tsoho ya rasu wani ɗakin ya zube. Mai ido zai ƙirga iyalin gida daga nesa. Labelle Prussin, wadda ta koyar a jami'ar Kumasi, ta fitar da littafi a kan ginin arewacin Ghana a 1969, kuma abin da ta auna a ƙauyuka shida a lokacin yau da yawansa ya koma kwano da bulo.

Kada a ce son tsohon abu ne kawai. Masallacin Larabanga, can yammacin ƙasar Gwanja, ya isa misali. A shekarun 1970 aka shafe shi da siminti da niyyar kare shi. Simintin ya kulle danshi a cikin bango, gara ta cinye itacen, har hadari ya kayar da wani sashe. Sai da aka sa shi cikin jerin gine-ginen duniya masu fuskantar haɗari a 2002, aka kankare simintin, aka komo da yaɓen ƙasa da hannun maginan garin. Waɗanda suka shafa simintin ba maƙiyan masallacin ba ne. Ba a zagaya da su ba ne. Ba wanda ya gaya musu cewa bangon ƙasa numfashi yake yi.

Shi ya sa nake ganin an juya lissafin. Ana tsara zagaye da Turanci, a sa masa farashi, a jira motar baƙi daga Accra, wadda wani watan ta zo wani watan ba ta zo ba. Waɗanda za su yanke hukuncin ko a cike tsohuwar rijiya a ɗora shago a kanta, ko a rushe zauren kaka a yi gareji, ba su cikin motar nan. Suna aji uku na sakandare a Salaga, suna koyon birkila a Yendi, suna zaune a kwamitin masallaci a Bawku. Nasu zagayen da Gwanjanci da Dagbanci da Kusal da Hausa ya kamata a yi shi, da rani, tsakanin Janairu da Maris, lokacin da ake gini da gyaran jinka, yadda za a tsaya a kan magini yana aiki a tambaye shi. A biya tsohuwar da ta iya daɓe kuɗin bayaninta kamar yadda ake biyan malamin jami'a in ya zo lacca, a ba makaɗi matsayinsa, a kawo kwafin takardun Legon a ajiye a makarantun garuruwan da aka rubuta su. Hukumar gidajen tarihi ta Ghana da jami'ar Tamale da majalisun gundumomi duk suna da hannun da za su sa, amma ba sai an jira su ba.

A Salaga aikin farko ma bai kai haka tsada ba. Malamin tarihi ɗaya da 'yan ajinsa, da wayar hannu mai nuna taswira, da dattijo ɗaya daga kowace unguwa, za su iya bin rijiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya kafin damina: wadda ke da ruwa, wadda ta cike da shara, wadda ta shiga cikin filin da aka riga aka sayar, da sunan gidan da kowacce take a da.